Jiniya Ta Biyu

Ƙarfe tara na dare, ɗakin gwaji ya yi tsit,
janareto na tari a bayan katanga.
Na shimfiɗa ɗan yankin hanji bisa gilashi,
siriri kamar ɓawon albasa,
na ɗiga masa launi, na sunkuya kan madubi.

Ga su can. Ba su da yawa.
Cikin ɗari da kyar ka ƙirga guda,
ɗigo-ɗigo, kamar goro ya fantsama a farar riga.
Kowace ta miƙa baki kan hanyar abinci,
ƙafarta na taka jijiyar jini.

Aikinsu ɗanɗano ne da shela.
Loma ta zo wucewa, su lasa, su tantance:
wannan mai ne, wannan zaƙi, wannan wake.
Sai su saki 'yan aike cikin jini.
Ɗaya ya ce da tumbi: sassauta, kar ka juye duka.
Ɗaya ya ƙwanƙwasa ƙofar insulin.
Ɗaya ya hau har ƙwaƙwalwa
ya ce: Malam, tsame hannunka, ya isa.

Baba, shekara ashirin da biyu ka yi a masaƙar Kakuri.
Jiniya ke tashin ka, jiniya ke sallamar ka.
Ranar da ta yi shiru
ka dawo gida da takarda ɗaya a aljihu,
ka koma tuƙin bas, Kawo zuwa Sabo.
Karin kumallo shayi mai kauri, suga cokali huɗu,
biredi a kan sitiyari,
azahar lemon kwalba, la'asar lemon kwalba,
dare taliya tana iyo cikin mai.
Tuwon dawar Inna ya riƙa kwana a kwano.

Su kuwa waɗannan ba sa tsufa a bakin aiki.
A gindin bangon hanji akwai 'yan ramuka,
can uwayensu ke haihuwa dare da rana,
kowace jaririya a raba mata sana'a:
ke tsotso, ke yauƙi, ke shela.
Abin da ke wucewa ta sama yana sa baki a rabon.
In maiƙo da zaƙi suka yi ta kwarara shekara da shekaru
sai rabo ya karkace,
masu shela su ragu, ko kiransu ya dishe,
ko masu ji su saba,
kamar mai gida a bakin dogo a Rigasa
da jirgi ya daina tashin sa daga barci.

Sai a ci, a ƙara, ba mai cewa ya isa.

Na daɗe ina kiran abin zari, Baba.
Ka yafe mini.
Jiniya ta biyu ce ta mutu maka,
ita kuwa ko takarda ba a ba ka ba.

Da safe na soki yatsanka,
na'ura ta nuna lamba, ka kau da kai,
ka ce: Hajjo, na kai ki boko kin dawo mini ɗan sanda.

To ɗan sandan ya zo da labari.
Akwai wasu baƙi a can ƙasa, ido ba ya ganin su,
abincinsu dusa, ganyen zogale, ɓawon wake.
In sun ƙoshi sukan bar tukuici,
tukuicin nan ke zungurar masu shela su farka.
Ban ce waraka ce ba. Allurarka na nan, kar ka fasa.
Mu ma masu leƙen, da sauran rina a kaba.

Gobe Talata, kasuwar Kawo na ci.
Zan auno acha mudu biyu, kuka, rama,
Inna ta riga ta wanke muciya.
Ka ci a hankali.
Bayan loma ta bakwai ka dakata, ka kasa kunne,
ko za ka jiyo ta ƙasa-ƙasa,
kamar daga hayin kogi ake busa ta.

Janareto ya shaƙe, ɗaki ya yi duhu.
Na lalubi gilashin, na mayar da shi akwati.